Rai-Ɗore a Kwandon Iya Zainaba

In ka je Auyo ka ce kana neman Iya Zainaba, sai a tambaye ka, "Mai tafasa?" Shekara talatin da ɗoriya tana wannan sana'a. Da ruwa ya zauna, fadama ta yi kore, za ka gan ta da kwando a bakin shinkafar mutane tana tsinkar ganye. Ta dafa, ta matse, ta kwaɗa da ƙuli da albasa. Har daga Haɗeja ake aiko 'yan acaɓa su karɓo kwaɗonta.

Gwana ce, amma fa akwai baki, Allah ya ba ta.

Tafasa tana da ɗan'uwa mai kama da ita, wato rai-ɗore. Wuri ɗaya suke tsirowa, furensu duka ruwan ɗorawa, in suna ƙanana sai wanda ya sani. Zainaba kuwa ta sani, kuma ba ta gajiya da faɗa. Ganyen tafasa shida ne, uku nan uku can, bakinsu a zagaye kamar ludayi. Na rai-ɗore takwas ne ko goma, masu tsini, ga wari, ga ɗaci. 'Ya'yan tafasa sirara ne a lanƙwashe, na rai-ɗore masu faɗi. "Wanda ya haɗa su," in ji ta, "ba shi da ido a ka."

Shekara takwas da suka wuce autanta Hamman ya auro Bushira, 'yar cikin garin Haɗeja, wadda ba ta taɓa shiga fadama ba. Ranar wani suna a gidan, amaryar ta so ta burge, ta je ta tsinko ganye da kanta. Zainaba ta sa hannu a kwandon, ta zaro reshe guda, ta ɗaga shi sama a gaban matan unguwa.

"Jama'a, ku zo ku ga abin da 'yar birni za ta ciyar da mu! Ke, kashe mu za ki yi?"

Aka fashe da dariya. Daga ranar sunan Bushira ya ɓace, kowa sai "Rai-Ɗore". Ta haifi 'ya'ya uku, sunan bai sake ta ba. Ita dai sai ta yi murmushi ta amsa.

To, shekaru ba sa tambayar izini. Hancin Zainaba dama tun wani zazzaɓi bai ƙara jin wari ba. Sai ga yanar ido ta fara rufe mata gani, fadama ta koma mata kore guda. Ba ta gaya wa kowa ba. Ina! Ita da ake zuwa tambaya? Ta ci gaba da tsinka da sauri yadda ta saba, ta dire kwando a tsakar gida, ta ce, "Wanke min," ta shige ɗaki ta huta. Kwaɗo yana fita lafiya, ana yabo, sai ta ce a ranta ashe hannu bai manta ba.

Wata Laraba da hantsi ta zaga bayan rumbu neman kazarta, ta taka wani tulin ganye mai sanyi. Ta duƙa ta ɗauki reshe, ta bi shi da yatsa. Tsini. Ta ƙirga, takwas. Ta ɗauki wani, goma. Kuma irin karyawarta ce, da farcen babban yatsa, ba wanda yake karya reshe haka sai ita. A ƙarƙashin ɗanyen akwai busasshe, ƙarƙashin busasshen akwai wanda ya riga ya zama taki.

Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin, da ta shige. Ta daɗe a durƙushe kafin ta iya kiran surukarta.

"Tun yaushe?"

Bushira ta sunkuyar da kai. "Tun daminar bara, Inna."

"Hamman ya sani?"

"Ba wanda ya sani."

Kunya ce ta kama Zainaba, irin wadda ba ta taɓa ji ba. Kwana uku ba ta je fadama ba, ta ce ƙafa ce.

Ran Asabar aka yi walima a maƙwabta, aka nemi kwaɗo. Mata sun cika tsakar gida, wata ta ɗaga murya, "Ke Rai-Ɗore, miƙo mana na Iya! Ki tsaya ki koya, har yanzu ba wanda ya kama ƙafarta."

Bushira ta amsa, ta taso da kwano.

Zainaba, da ke zaune a gefe, ta miƙe. Ta kwance bakin mayafinta, ta fito da reshen nan na bayan rumbu, ta ɗaga shi sama kamar yadda ta yi shekara takwas baya.

"Wannan ni na tsinko shi," ta ce. "Ba na gani. Damina biyu ke nan da idon yarinyar nan kuke cin kwaɗona."

Hawaye na bin kumatunta, ta juya inda take jin motsin kwanon.

"Sunanta Bushira."