Firdausi da Ruwan Daberam

Firdausi 'yar Malam Lawal ce, mai sayar da dusa da harawa a Daura, kuma da ciwon sikila aka haife ta. Akwai wani wanta, Anwar, shi ma da ciwon ya zo duniya. Ruwan sama ya dake shi wata rana a hanyar gida, bai sake tashi ba. Tun daga nan mahaifiyarsu Kubura ta tattara duk tsoronta ta ɗora a kan Firdausi.

Sauran yara ɗokin dogon hutu suke yi, ita kuwa fargabarsa take yi. In ana makaranta, ko ba komai tana fita da safe, ta ga titi, ta ga mutane. Hutu kuwa tsakiyar damina yake faɗowa, lokacin da Kubura ba ta yarda ko zaure ta leƙa ba.

Malam Lawal mutum ne mai son fita da iyali. Da an ba da hutu sai ya share bayan a-kori-kurarsa, ya shimfiɗa tabarma, ya kwashi babban ɗansa Sabiru da autarsa Zubaida. Ran Lahadi su je kasuwar Mai'aduwa kallon raƙuma, su zarce Kwangwalam su ga manyan motoci sun yi layi a bakin iyaka. Wani makon su tafi Mashi wurin kakarsu, a gasa musu masara a gona. Su dawo da yamma, ƙafa duk laka, kowa na rige-rigen ba da labari. Firdausi takan karɓi tsarabarta ta dabino da cuku, ta yi ta tambaya: raƙumin wane launi ne, me kaka ta ce, wa ya faɗi a kunyar gona. Har ta kai ta fi waɗanda suka je iya ba da labarin. Ƙawarta ɗaya, Chizaram, 'yar Okafor mai shagon kayan gyaran babur a ƙofar gidansu, ita ma a watan ne suke tafiya garinsu.

Shekarar da ta cika sha ɗaya, Malam Lawal ya ce za su je dam ɗin Daberam. Firdausi ba ta yi kuka ba, ba ta roƙi kowa ba. Abinci kawai ta daina ci.

"Kubura," in ji Malam Lawal, "yarinyar nan fa ba kwano ba ce da za a jera a ɗaki."

"In ta kwanta, Malam, ni ce mai zaman asibiti."

Da ƙyar ta amince, bisa sharaɗi: Firdausi za ta zauna a gaba, da rigar sanyi da safa, kuma ba za ta sauka ba.

Aka faka motar ƙarƙashin wata bishiya. Iska na kaɗawa daga ruwa, don haka Kubura ta ɗaga gilasan duka biyu, ta zauna kusa da ita. Firdausi na hangen masunta a cikin kwale-kwale, tana ganin Sabiru da Zubaida suna jifan ruwa da tsakuwa, bakinsu a buɗe suna dariya, amma ba ta jin komai sai numfashin uwarta. Gumi ya jiƙe mata baya. A gida ko banza tana iya zagaya tsakar gida. Nan kuwa ko ƙafa ba ta iya miƙewa.

Da Kubura ta sauka don ta zuba wa yara dambu, Firdausi ta tuɓe safar, ta buɗe ƙofa a hankali, ta bi ta bayan motar. Ƙasar bakin ruwan laushi gare ta, tana shiga tsakanin 'yan yatsu. Ta sa ƙafa ɗaya, sanyi ya ratsa ta har ka. Ta ƙara matsawa, ruwa ya kawo mata gwiwa, wasu ƙananan kifaye suka watse. Sai ta ji kanta tana ƙyalƙyala dariya. A haka salatin Kubura ya iske ta.

Kwana biyu tsakani ciwo ya tashi a ƙafafunta da ƙugu. A gadon asibiti ta ƙarasa hutun, ana ƙara mata ruwa. Likita ya ce ba lallai dam ɗin ba ne, zafi da gumin da ta sha cikin mota ma suna iya tayar da shi. Ya ce a bar ta ta riƙa fita, ta yawaita shan ruwa, ta kiyayi sanyi. Kubura maganar ƙarshen kaɗai ta riƙe.

Malam Lawal bai sake share bayan motarsa ba. Hutun da ya biyo baya kowa a gida ya yi shi. Sabiru ya daina yi wa Firdausi wasa. Wata rana suna tsince shinkafa, Zubaida ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba, "Duk ke kika ja mana."

Wannan ya fi ciwon yi mata zafi. Ta sami mahaifinta yana alwala, ta durƙusa.

"Baba, ka ci gaba da kai su. Ni na ga nawa."

Ya ajiye butar, sannan ya ce, "Allah Ya yi miki albarka." Lahadin da ta zagayo suka tafi Mai'aduwa, ita ce ma ta ɗaure wa Zubaida ɗankwali, ta raka su iyakar soro.

Yanzu Firdausi ta gama sakandare, kuma sakamakonta ya yi kyau. So take ta karanci aikin jinya a Katsina. Malam Lawal ya ce shi ba ya hanawa, a tambayi uwarta. Da ta kai maganar, Kubura na tankaɗe, ba ta tsaya ba.

"A nan Daura makarantu sun ƙare ne?" ta ce. Can kuma ta ɗago. "Kin sha maganinki na yau?"

"Na sha, Umma," in ji Firdausi, ta jawo kujera ta karɓi rariyar.