Iya Gem da Kaset ɗin Jikar Alhaji

A unguwar Sabo an san Rauda da sana'a biyu. Ta farko dambun nama, wanda take yi a tsakar gida ana kai wa matafiya har tashar Ojoo. Ta biyun ba ta taɓa kafa mata allo a ƙofa ba, amma ita ce ta sa ko ɗan okada ka ce wa gidan Iya Gem, ya san lungun.

Mahaifinta, Malam Zainulabidin, mai gyaran rediyo ne a kusa da Mokola. 'Ya'yansa shida duk mata, da ya duba ya ga Rauda ce kaɗai ba ta gudun warin dalma, sai ya koya mata aikin. Ranar da aka kai ta ɗaki har da ƙarfen narka dalma a cikin kayanta, dangin ango suka zaci na gyaran gashi ne.

Maigidanta Mijinyawa mai tsire ne, kuma yana da wani tsohon gem mai kaset da yake ajiye da shi tun yana firamare. Duk ranar da bai fita ba sai ya jona shi a talabijin ya buga ƙwallo. Rannan 'yan wasan suka fito babu kawuna, fili ya koma ruwan hoda, gola ya rabu biyu, rabi a raga rabi a tsakiyar fili. Mijinyawa ya zare kaset ya hura shi, fuu fuu, kamar yadda ya saba, ya mayar. Sai ƙafafun ma suka tafi, riguna kawai ke yawo.

"Baban Anwar, miƙo min in gani," in ji Rauda.

"Wannan ba rediyo ba ne fa."

"Na ji. Miƙo."

Ta kwance shi ta kai bakin taga. Haƙoran tagullan da ke bakin kaset ɗin sun yi kore shar, ga yaji da garin ƙuli sun daskare a tsakaninsu, na shekara da shekaru.

"Wannan ai albasa kawai ta rage a naɗe shi a takarda," ta ce.

Ta goge haƙoran da auduga da sifirit, ta bi su da kilinar fensir har suka yi ƙyalli. Da aka kunna, kowa ya dawo da kansa. Kafin mako ya zagayo Mijinyawa ya ba duk wanda ya tsaya a tukubarsa labari. Sai ga magidanta masu furfura suna aiko matansu da gem a cikin leda. Rauda ba ta gaggawa. Ta canza kaset, ta canza waya, ta canza talabijin, ta ga wanne ciwon yake bi. Doka ɗaya gare ta: wanda ya hura kaset da baki, ya nemi wani mai gyaran.

Aikin da ya fi ba ta wahala daga gidan Alhaji Babandi ya fito. Alhaji tsohon dillalin shanu ne a Akinyele, ɗan sahun farko, wanda ya taɓa miƙewa a wurin suna ya ce gem ne ya lalata zamani. Uwargidansa Hajiya Huseina ce ta shigo da abin a ƙarƙashin hijabi.

"Na jikarmu ne," ta ce, tana kallon rufi.

"Wacce, Hajiya?"

"Ramlat."

Ramlat ko yaye ta ba a yi ba. Rauda ta ce Allah ya raya.

Ta goge, ta kunna, ta yi minti ashirin tana tsallake ramuka da wani ɗan mutum mai takobi, hoto tas. Ta mayar. Washegari aka dawo da shi. Sau uku ana haka, sai ta ce wa Hajiya gaskiya sai ta ji daga bakin wanda ya ga ciwon da idonsa.

Bayan la'asar Alhaji ya yi sallama a zaure, Rauda ta tsaya bayan labule suka gaisa.

"'Yata, yarinyar ta ce da farko lafiya lau. Sai an wuce daji, an haye gadar nan mai rushewa, an kusa dodo mai aman wuta, sai zane-zane su sauko kamar ruwan sama. Dodon ya koma kwalaye. Kina sara ba ki san me kike sara ba."

"Ramlat ce ta faɗa, Baba?"

"Yarinya ce mai wayo."

"Awa nawa take yi kafin ta kai gadar?"

Alhaji ya yi gyaran murya. "Daga hantsi zuwa kiran azahar."

Nan Rauda ta gano bakin zaren: sai abin ya ɗau zafi yake nuna halinsa. Washegari ta kunna shi ta rufe da tawul, ta tafi dakan namanta. Da rana ta take sai ga zanen sun sauko. Ta buɗe gem ɗin, ta ɗauki tsinken tsire tana danna kayan ciki ɗaya bayan ɗaya. Da ta danna wata baƙar ƙwaya mai ƙafafu kamar shanshani, wadda masu gyara ke kira ayisi, hoto ya washe. Ta saki, ya dagule. Dalmar ƙafa uku ce ta tsage. Ta narka sabuwa ta ɗinke su.

Bayan mako biyu Alhaji ya dawo da kansa, gem a hammata, ko leda babu, yana huci.

"Maman Anwar, aikinki bai yi ba! Ta kashe dodon... kai, ni na kashe shi! Shekara ashirin da shida ina bin sa. Yana faɗuwa sai rubutu ya dagule, ko harafi ɗaya ba ya karantuwa."

Ya miƙo wayarsa ta gefen labule, dama ya ɗauko hoton talabijin ɗin. Rauda ta duba ta ga babu zane, babu kwalaye. Ta miƙa wa ƙanwarta Khairiyya, mai aiki a shagon waya, wadda ta zo yini. Khairiyya ta haska hoton da manhajar fassara ta wayarta, ta toshe baki.

"Baba, abeg, babu abin da ya lalace. Rubutun Japan ne."

"To me suka ce?"

"Sun ce sannu da aiki. Wai a danna a koma farko, wannan karon ya fi wuya."

Alhaji ya karɓi wayarsa ya sake duba rubutun.

"Shi ke nan? Ko Allah ya yi albarka babu?"

"Babu, Baba."

Ya gyara hularsa, ya mayar da gem hammata. Har ya kai bakin ƙofa ya juyo.

"'Yata, dalmar nan taki za ta iya kaiwa la'asar?"

"Za ta kai, Baba, in an tsaya an yi azahar."