Kwantenar Sharar da Ta Hana Hajiya Ɗaki

Komai daɗewa ba zan manta da kwantenar sharar da na yi haya a Bowie, garin da nake zaune a ƙasar waje, ba. Har yau in na ga irinta a bakin titi sai raina ya ɓaci.

A shekarar ne mahaifiyata ta samu biza za ta zo mana. Hajiya na fama da ciwon gwiwa, ɗakunan kwananmu da banɗakin wanka kuwa duk a sama suke. Sai na yanke shawarar mayar da gareji ɗaki, har da banɗaki a ciki, don kada ta taka bene. Magina suka ce sai an kawo babbar kwantena da za a riƙa zuba ɓaraguzai. Filin ajiye motarmu gangare ne, dole sai a bakin titi aka ajiye ta, rabi a gaban gidana, rabi a gaban na maƙwabcina.

Na yi abin da aka koya mini a gida. A Kano in za ka juye yashi ko bulo a ƙofar gida, maƙwabci kake yi wa sallama, in ya ce Allah ya sa alheri, magana ta ƙare. Na same shi yana aske ciyawa, wani dattijo ɗan fansho da kullum muke gaisawa. Ya washe baki ya ce, "Babu damuwa ko kaɗan, abokina." Da direban kamfanin hayar kwantenar ya tambaye ni ko ina da izini, na bugi ƙirji na ce ina da shi.

Aiki ya kankama, an fasa bango, an tona wurin bututu, sai ga ma'aikacin hukuma. Ashe titi na gwamnati ne, ba a ajiye kwantena a kansa sai da takardar izini. Ya ce a ɗauke ta. Da a nan ya tsaya da na gode Allah. Sai ya leƙa gareji, ya ce wannan aikin ma da nasa izinin, ya manna jar takarda a ƙofa, a dakata har a duba zanen ginin. Na roƙe shi, na ce tsohuwa ce ke tafe. Ya ce ƙorafi aka kai musu, ba shi da ikon kau da kai.

Na tari maƙwabcin nawa da maganar ko shi ne ya kai ƙorafin. Ko musu bai yi ba. "Ba da kai nake ba," in ji shi, "doka ce." Na ce to me ya hana ka faɗa mini ranar da na zo? Wai ba ya son ya ɓata mini rai. Ka ji fa!

Hajiya ta iso, takardu na can suna yawo ofis-ofis, magina sun kama wani aikin. A falo ta kwana duk zamanta, muna kare ta da labule in an yi baƙi. In za ta yi wanka sai ni da maiɗakina mun tallabe ta zuwa sama, tana cije leɓe tana cewa, "Ba komai, ku bi a hankali." Ban gaya mata wanda ya ja mana ba. Ranar Sallah ta zuba tuwo da miyar taushe a kwano ta ce, "Kai wa dattijon nan na kusa da mu. Mutumin kirki, kullum sai ya ɗaga mini hannu." Na kai. Ya karɓa yana ta godiya, ni kuwa kamar in kife masa kwanon a ka.

Sai da ta koma izini ya fito. Na gama ɗakin, na tura mata hoto, ta sa mini albarka ta ce sai baɗi in da rai. Allah bai nufa ba, ta rasu kafin shekara ta zagayo.

Abin da na koya shi ne, a ƙasar nan fara'ar maƙwabci ba izini ba ce. Duk ɗan'uwan da ya zo mini da maganar gyaran gida, nakan ce ya karɓo takardarsa tukuna kafin ya yi wa kowa sallama. Ni aka koya wa darasin, amma Hajiya ce ta ji a jikinta, kuma abin da ya tsaya mini a rai ke nan.