Ranar da Alƙibla Ta Koma Yamma

Asuba ta yi mana a bakin titin Ajiya, ni da surukina da akwatuna biyu, muna jiran mai keken da ya rantse zai riga ladan tashi. Da ya iso sai ya fara da labarin tsadar mai, wato kuɗin da muka yi da shi jiya ya mutu. Muka biya, ya sauke mu a filin jirgin Yola.

Ga wanda bai san mafarin tafiyar ba, ƙanen matata da ke aiki a Malesiya ne ya biya wa mahaifinsa yawon buɗe ido a jirgin ruwa, wai tsoho ya huta. Matata ce za ta raka shi, fasfonta ya maƙale, sai aka ce ni in je. Kun dai san tsakanin mutum da surukinsa. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa cin abinci a gabansa ba, kuma da zai ce mini ruwan Binuwai ya koma madara, cewa zan yi lallai na ga ya yi fari. Malami ne ɗan Borno, ɗalibansa sun cika unguwa. Shi aka damƙa mini in kula da shi a kan teku.

Daga Abuja muka shiga dogon jirgi, muka yada zango a ƙasar Larabawa, muka yi salla a ɗakin da ba taga muna bin layin darduma, sai ga mu a Singafo. Gari ne da na nemi ledar fiyawata ko ɗaya a ƙasa na rasa. Ɗan nasa ya tarye mu, ya kai mu bakin jirgin ruwa, ya yi mana dogon bayani a kan abin da za a ci da wanda ba za a ci ba, ya koma wurin aikinsa. Abu ɗaya ya manta, kuma shi ne ya hana ni sakat.

Jirgin nan unguwa ce guda aka ɗora a kan ruwa, da benaye da shaguna da wurin wanka inda Turawa ke shanya kansu a rana. Abinci ba ya yankewa. Baba ya duba halittun teku masu ƙafafu barkatai, ya tsaya a kan shinkafa da kifi da garin yajin da ya taho da shi a gwangwani. Ni kuwa in na zuba nawa sai in laɓe bayan ginshiƙi in ci a tsaye, har wani ma'aikaci ya fara sa mini ido.

Asubarmu ta farko a teku muka hau saman jirgi. Baba ya dubi inda sama ta fara ja, ya shimfiɗa darduma, ya ta da kabbara. Ni kuma kibiyar alƙibla da ke wayata tana nuna bayanmu. Mun wuce Makka tun a sama, daga nan alƙibla yamma take. Na sani sarai. Na buɗe baki, na dubi farin gemun nan, na rufe, na bi shi. Da muka sallame na koma ɗakina na sake tawa. Haka na zama mai salla biyu-biyu, ɗaya don Baba, ɗaya don Allah.

Na yi dabaru. Na ajiye wayar a kan dardumarsa kibiya na haske, ya dawo mini da ita da nasiha a kan sakaci da kaya. Na kira matata, ta ce ai ni ne a wurin. Na kira ƙanenta, ya yi dariya, sannan wai layi ba kyau. Abin ya dame ni ƙwarai, ba wasa ba. Mutumin da bai yarda jam'i ya wuce shi ba, ga shi kullum yana ba Ka'aba baya, kuma wanda ya sani yana tsaye a bayansa yana cewa amin.

Da muka tsaya a Fuket ta ƙasar Tailan, aka loda mu a bas zuwa wani babban wurin bauta. Hanya sumul, ga itatuwan roba, ga masu sayar da kwakwa a farashin da zai kai ka Sangere a keke ka dawo. Jagorarmu wata 'yar ƙaramar mata ce mai laima, ta ce kowa ya cire takalmi, masu gajeren wando kuma aka ɗaura musu zani. Wannan ya burge Baba. Shiga ce dai ya ce ba da shi ba. Ni na leƙa: rufi ja da ruwan zinare, mutane durƙushe da furanni, masu bautar da askakken kai cikin mayafi ruwan lemo, ga ƙaton mutum-mutumi zaune yana kallon ƙofa. Baba ya shaƙi turarensu daga gindin bishiya, ya ce bai kama ƙafar na matan Borno ba.

Muna nan sai ƙara ta tashi, ratatata, ba ƙaƙƙautawa. Kafin in yi tunani ina kwance bayan tukunyar fulawa, Baba na gefena, hularsa can. Ashe abin wasan wuta ne suke ƙonawa in buƙatarsu ta biya. Turawa suna ta dariya suna ɗaukar hoto. Mu ba mu yi dariya ba. Irin wannan ƙarar ce ta fitar da shi daga garinsu da ƙafa, ya yi kwanaki a daji da iyalinsa, ba masallaci ba darduma, fitowar rana kaɗai ke nuna musu inda za su sa goshi. Shi ya sa maganar ta ƙara yi mini nauyi.

Amma wanda ya tsallake mutuwa, ko ta ƙarya ce, yakan sami ƙarfin hali. Da azahar ta yi ya shimfiɗa darduma ya dubi gabas, sai na durƙusa na ce, “Allah gafarta Malam, a ƙasar nan alƙibla yamma take.” Ya ce in nuna masa da hannu. Na bi kibiya na miƙa yatsa, yatsan ya tafi kai tsaye cikin buɗaɗɗiyar ƙofar nan, ya sauka a ƙirjin mutum-mutumin.

Baba ya dubi gunkin, ya dube ni. “Nan kake so in fuskanta?”

Ya naɗe dardumarsa ya ce ma haɗa sallolin a jirgi. Har muka koma ina ta tunanin yadda zan yi wa matata bayani in an ce ta haɗa kayanta.

A tsibirin Finang na Malesiya aka raba gardama. A titi ɗaya muka wuce ɗakin bautar Sinawa mai jajayen fitilu da na Indiyawa mai gumaka hawa-hawa, sai muka ji kiran la'asar. Baba ya ƙara sauri har na kasa cim masa. A harabar masallacin ya ja ya tsaya. Sahu ya cika da dattawa masu gemu irin nasa, kuma rana ta karkata tana gabansu. Ya daɗe yana kallo, sannan ya shiga sahu. Daga ranar yamma yake fuskanta, yana kuma rama na baya ɗaya bayan ɗaya. Maganar dai bai ta da ita ba, gaisuwata ma da ka yake amsawa.

Mun sauka Yola da rana tsaka, zafin Jimeta ya yi mana maraba. Sai da 'yan sannu da zuwa suka watse ya sa aka kira ni zaure. Ya tambaye ni tun yaushe na sani. Na ce tun asubar farko. Ya ce kuma na bi shi? Na ce na bi, ina komawa ɗaki in sake. Ya yi dariya har da tari, irin wadda ban taɓa ji daga bakinsa ba. Sannan ya share ido ya ce, “Ɗan nan, ni kuskure na yi, Allah ya san ban sani ba. Kai da ka sani, wa ka ji wa kunya, ni ko Shi?”

Na ga teku, na ga wuraren bautar da ban taɓa zaton akwai irinsu ba, na ga mutanen da ke girmama nasu kamar yadda muke girmama namu. Amma abin da na dawo da shi tambayar nan ce. Na ɗauka shiruna ladabi ne, ashe tsoro ne, kuma tsohon ne ya biya da sallolinsa. A ranar bai jira amsata ba. Ya ce in tashi in duba ko an kira magariba.