Don Allah Ku Goge Bidiyon Malam Sirajo

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina ɗaure buhun taki a bayan mashin wayata ta yi ƙara. Ƙanen Malam Sirajo ne, ya ce: "Yaya Umaru, Malam ya cika da asuba." Na ce wane Malam? Ya sake faɗa. Buhun ya zame ya faɗi ƙasa, ko waiwayarsa ban yi ba.

Ga wanda bai san shi ba, Malam Sirajo malamin gona ne a nan Bodinga, abokina tun muna firamare. Shi ya buɗe guruf ɗinmu na manoman albasa, ni nake taya shi kula da shi. Da hantsi aka yi masa sutura, mun kai shi makwancinsa, mun dawo.

Na so in rubuta alherinsa kawai in yi shiru. Amma wallahi raina a ɓace yake, kuma sai na faɗa.

Duk wanda ke guruf ɗin ya san aikinsa. Yawancin manomanmu ba su yi boko ba, to sai Malam ya riƙa yin rikodin na fuskar wayarsa, yana taɓa wuri yana bayani da baki: ga inda za ka danna ka ga ko ruwa na tafe, ga yadda za ka ɗauki hoton ganyen da ya ƙone ka turo. Ba wanda ya sa shi.

Akwai wani dattijo a Horo Birni da ya kalli bidiyon bai gane ba. Malam ya hau mashin har gonarsa, ya kama yatsan dattijon ya ɗora masa a kan wurin dannawa.

Innata ma shi ya koya mata tura saƙon murya. Har yau in ta gama maganarta sai ka ji ta ce "Allah shi yi wa Sirajo albarka" a cikin saƙon, ta manta ba ta ɗaga yatsa ba.

Rabona da shi ranar kasuwar Shagari da ta wuce, a bencin mai shayi. Na ce Malam ka rame fa. Ya ce, "Masassara ta, ta wuce." Ya turo min burodinsa gabana, ya ce ya ƙoshi. Sai ya ciro wayar yana ƙorafi a kan manhajar da yake rikodin da ita.

"Umaru, diba wanga abu. Kunnawa ba wuya, tsaidawa ita ad da aiki. Ka danna tsaya, shi yi ta juyi awa akuya ga turke. Na rubuta ma masu ita koke, ko sannu ba su ce min ba."

Na ce to ka sauke wata mana. Ya ce wayar ta tsufa, ta cika, ba ta ɗaukar komai. "Bari a kwashe albasa in sake ta." Muka yi dariya, ya tada mashin ya tafi.

Kwanaki kaɗan bayan haka ya turo darasinsa na ƙarshe a guruf. Ya gama bayani, ya ce "to jama'a, sai an jima," ya danna tsaya. Abin bai tsaya ba. Ɗan jan ɗigon nan mai nuna ana rikodin ya laɓe a can saman waya yana ta ɗauka. Malam bai sani ba, ya fita daga darasin ya kira mai ɗakinsa kiran bidiyo.

Komai ya shiga. Fuskarta tana zaune a ɗakinta, ko kallabi babu a kanta. Hirar miji da mata. Maganar ciwon da ya ɓoye wa kowa, har ni. Ba zan maimaita muku abin da suka faɗa ba, ba nawa ba ne, ba naku ba ne. Haka ya turo shi bai duba ƙarshensa ba, mutum ne da jiki ya riga ya ci ƙarfinsa.

Kun san abin takaicin? Yana raye ba wanda ya gani. Don ba wanda ke kallon darasin Malam har ƙarshe. Kowa ya leƙa farkonsa, ya rubuto "Allah ya saka da alheri," ya fita don kada data ta ƙare. Da mutum ɗaya ya kai ƙarshe ya kira shi, da ya goge kayansa da hannunsa.

Sai yau da aka ce ya rasu kowa ya tuna yana son jin muryarsa. Yau aka kalla har ƙarshe. Kuma maimakon wanda ya fara gani ya kira ni ya ce Umaru, cire abin nan, sai ya tura gaba.

A maƙabarta, ƙasa ba ta gama rufuwa ba, na hango samari sun haɗa kai a kan waya ɗaya. Na ɗauka hoton Malam suke kallo, ashe bidiyon ne.

Kafin in gane in goge shi daga guruf, ya kai Sifawa, ya kai Shagari. Wani ɗan'uwana daga Sakkwato shi ma ya turo min, wai "Ka ga wanga?" An liƙa masa suna ma: kalaman ƙarshe na Malam Sirajo, da 'yan fuskokin kuka a jere.

Na kira wanda aka ce shi ya fara ɗora shi a sitatus. Ya san kansa, yana karanta wannan. Ya ce min, "Ai wa'azi na, Umaru, don mutane su tuna da mutuwa."

Wa'azi da matar wani? Haba jama'a!

Na ce in taka ce fa? Ya ce ai ba shi kaɗai ba ne. Ya kashe waya.

Baiwar Allah nan yau ta shiga takaba. Dukanmu mun san yadda abin yake a garin nan: ba ta fita, ba ta kwalliya, mu maza da muka je gaisuwa a zaure muka tsaya, aka shigar mata da ta'aziyyarmu. Mun kiyaye wannan, mun ji daɗin kanmu. Amma fuskarta ba lulluɓi tana cikin aljihun 'yan tasha da masu awon albasa. Ina amfanin tsayuwarmu a zaure?

Abin bai tsaya nan ba. Wata cikin masu zuwa gaisuwa ta kunna shi a tsakar gida, wai don a ji muryar mamaci. Mahaifiyar Malam na zaune a wurin. Da kunnenta ta ji ɗanta yana roƙon matarsa kada ta gaya wa Inna ba shi da lafiya. Tsohuwa ta juya ta dubi surukarta ta ce, "Ashe kin sani?"

Ku gaya min, wace amsa za ta bayar? Amanar mijinta ta riƙe. Yanzu ga rashin miji, ga idon uwar miji, duk a wuni ɗaya.

Bayan azahar yayanta ya kira ni zaure. Ita tana daga ciki, bayan bango, ban gan ta ba, muryarta kawai na ji, duk ta dushe.

"Malam Umaru, kai a abokinai. Don Allah ku ruhe min asiri. Ni ban iya hita in bi mutane ɗai-ɗai."

Na so in ce za a goge, amma ban san wayoyi nawa ya shiga ba. Yayan nata ya dafa ni ya ce mu je.

Shi ya sa nake wannan rubutun.

Masu ƙera irin waɗannan manhajoji, ban san ko maganata za ta kai gare ku ba. In mutum ya danna tsaya, abu ya tsaya nan take, ya kuma nuna masa ƙarara cewa ya tsaya. Mene ne wahala a ciki? Ku kuma masu rikodin, ku jawo saman waya ku tabbatar jan ɗigon ya ɓace, ku kalli abinku har ƙarshe kafin ku tura.

Wanda ke son muryar Malam da gaske, na yanke darasin shi kaɗai, daidai inda ya yi sallama. Ka yi min magana in turo maka. Wannan shi ne abin da ya yi niyyar ba mu.

Sauran kuma, ina roƙonku da girman Allah. Kada ka rubuto min "amin" a ƙasan nan alhali bidiyon na cikin wayarka. Ka fara zuwa ka goge shi, ka cire daga sitatus, ka kira duk wanda ka tura wa ka ce shi ma ya goge. Matar Malam ba ta da ƙafar bin ku, sai ta gama takaba. Mu muke da ita.

Ya Allah ka jiƙan Sirajo, ka yafe masa, ka haskaka kabarinsa, ka sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. Ka sanyaya zuciyar mahaifiyarsa, ka daidaita tsakaninta da surukarta. Ka suturta iyalinsa, ka suturta duk wanda ya suturta ta.

In ka goge, ka dawo ka sa shi a addu'a, ka sa ita ma. Tana bukata ƙwarai.