Markesa Ta Kwanta a Rami

Kawu Eulogio bai taɓa aure ba. Idan ka tambaye shi dalili sai ya ce babu macen da ta taɓa tsayawa kusa da shi har ya gama gaisuwa. Gaskiya ya faɗa. Ya haura shekara hamsin yana yawo da huron, ɗan dabbar nan mai siffar tunku da ake sakawa cikin ramin zomaye ya koro su waje, kuma warin huron ba ya jin sabulu. Ni nake masa aski a garinmu Almadrejo, cikin duwatsun Siyera Morena. Duk ranar da ya zo, ƙofar shagona a buɗe take wuni.

Da ƙanwarsa Casilda yake zaune, wadda ta dawo gidan ubansu bayan rasuwar mijinta. Ita ta ce hancinta ya mutu tun tana yarinya, saboda haka ba ta da ƙorafi sai na baki.

A zamanin ƙuruciyarsa zomo ya fi ciyawa yawa a nan. Manoma har gida suke zuwa roƙonsa, ya fita da safe ya dawo da talatin a rataye a sanda. Daga baya cuta ta shiga zomaye ta kusa ƙarar da su, aladen daji kuma suka cika duwatsu, samari duk suka koma farautarsu da bindigogi da garken karnuka. Kawu bai koma ba. Ya ce shi ba ya farautar abin da zai iya juyowa ya farauce shi. Abin da ya rage masa a shekara saba'in da uku shi ne 'yan ragogi goma sha biyu, da tsohuwar karya Chata, da huron mace guda ɗaya, fara, da ya raɗa wa suna Markesa, wato gimbiya, saboda ba ta cin abincin jiya. Takardar izinin farauta da huron kuwa bai taɓa nema ba. Kowa ya sani, kowa ya kau da kai.

Aikin ba shi da hayaniya. Chata ta sunsuna ta nuna ramin da ke da zomo, Kawu ya shimfiɗa raga a kowane baki, ya ɗaura wa Markesa takunkumin zare, ya sake ta. Takunkumin nan shi ne komai. In babu shi, huron ta cafke zomo a ƙasa, sai ta kashe, ta ci ta ƙoshi, ta naɗe a gawar ta yi barci. Kwana ɗaya, kwana uku, sai yadda ta ga dama. Kawu ya koya wa mutane da yawa wannan, har da waɗanda ba su tambaye shi ba.

A watan Nuwambar da nake magana an sa masa haƙoran roba, suna cin dasashinsa, ko burodi sai ya jiƙa. Ranar Asabar da safe, a gindin babban dutsen da muke kira Dutsen Tsohuwa, ya zo ɗaura zaren sai Markesa ta yi ɗan kuka. Ya duba ya ga dasashinta ya kumbura. Ya tsaya yana kallon bakinta, yana lasar nasa. Sai ya kwance zaren ya sa aljihu.

Zomaye biyu suka fito suka faɗa raga. Daga nan shiru.

Da la'asar Casilda ta shigo shagona da kwando. Ta ce, "Anselmo, rufe shagon nan, ba kowa kake yi wa aski ba sai ƙuda. Kai wa tsohon nan abinci. Tunda bai dawo ba, gimbiyar ce ta kwanta."

Na same shi a kife, kunnensa a ƙasa, Chata na zaune a gefe kamar mai zaman makoki.

"Sannu, Kawu. Me ƙasar take cewa?"

"Tana cewa ka rage taku, ka zo kamar alfadari."

Ya riga ya yi duk abin da ake yi. Ya farke zomo ɗaya ya ajiye kayan cikin a bakin ramin don ƙamshi ya shiga. Ya kawo akwatinta da ciyawar da take kwana a kai. Ya yi irin tsotson leɓen da yake kiranta da shi, amma da sababbin haƙoran sautin ba ya fita daidai, sai ya cire su ya ɗora a kan dutse, nan ma bai fita ba.

Na ce, "A haƙa mana."

"Haƙa. Ga dutse nan, tun kafin kakanka yake jiran mai aski ya zo ya ɗaga shi."

"To hayaƙi fa?"

Ya ɗago ya dube ni. "Idan kana barci ka ƙoshi, haka kake so a tashe ka? In ta shaƙa a can ciki, can za ta zauna."

Na ba shi burodi da cuku, ya jiƙa a ruwa yana mamula. Sannan na faɗi ainihin abin da ya sa Casilda ta aiko ni. "Kawu, ka san gobe ce babbar farauta. A wannan tudun."

"Na iya ƙirga kwanaki, Anselmo."

Duk mun san me hakan ke nufi. Karnuka ɗari da wani abu za su mamaye tudun nan, karnukan da ke kama aladen daji a kunne. Idan Markesa ta leƙo tana hamma a lokacin, loma ɗaya ce.

A can ya kwana. Washegari da sassafe na koma da kofi, na tarar Fulgencio, shugaban farautar, ya riga ni. Fulgencio mutum ne mai ƙiba da kirki, kuma a hannun Kawu ya kama zomonsa na farko. Hularsa na hannu yana murzawa.

"Kawu, don Allah ka sauka. Da ƙarfe goma za a saki karnuka. Akwai masu bindiga uku a saman nan, ɗaya likitan ido ne amma ko alade da jaki ba ya bambancewa."

"Ka ɗaga zuwa mako mai zuwa."

"Baƙi arba'in sun kwana a gari. An yi ƙuri'a, kowa ya san inda zai tsaya. Karnuka na cikin motoci tun asuba, ba ka ji su ba?"

Muna jin su, can ƙasa.

"To a bar wannan gefen."

"In je in yi wa karnuka bayani ɗaya bayan ɗaya? Kuma jami'in daji yana nan, Kawu. In ya tambaye ni dalili in ce me? In ce wani dattijo da ba ya farauta da huron ya ɓatar da huron ɗin da ba shi da ita?"

Kawu ya ce, "Da na sani da na bar ka ka faɗa rijiyar nan kana ɗan shekara tara."

"Kai ka tura ni, Kawu."

"Amma na ciro ka."

Fulgencio ya ƙara masa rabin sa'a, abin da ke hannunsa ke nan. Kawu ya zauna a bakin ramin ya yi ta kira har muryarsa ta dushe. Sannan ya miƙe ya fara ɗibar duwatsu. Ya ce tunda ba ta fito ba, gara kada ta fito. Muka taya shi toshe bakunan ramin, ni da Fulgencio muna kawowa, shi yana jerawa yana barin 'yar kafar iska. Goma sha ɗaya muka toshe.

Na ce, "Shi ke nan duka?"

"Waɗanda na sani ke nan."

A shagona Kawu ya zauna, a kujerar aski, ba don aski ba. Daga nan ana jin komai: haushi, harbi, busar masu karnuka. Duk lokacin da hayaniyar ta karkata wajen Dutsen Tsohuwa sai ya riƙe hannun kujerar. Casilda ta kawo romo, ta ce, "Sha, tsoho. Waccan da na sani ko Shaiɗan ya haɗiye ta sai ya amayar." Ba ta tafi ba, ta zauna a benci.

Da yamma muka hau. Duwatsun na nan yadda muka jera su, sai sawun karnuka ko'ina. Ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Babu abin da ya fito.

Kwana tara yana zuwa da hanta sabuwa. Bayan nan ya rage zuwa sau biyu a mako, ya kuma samo abin riƙewa: zomo ba ya zama inda huron take. Duk sanyin nan ya shigo shagona sai ya ce, "Har yau ko kashin zomo ɗaya babu a wurin. Tana nan tana mulkinta." Ni kuma in ce lallai, in ci gaba da aski. Wani ya kawo masa ɗan huron daga garin maƙwabta, Kawu ya ce a mayar, ba ya son Markesa ta dawo ta tarar da baƙo a akwatinta.

A watan Maris wani makiyayi ya shigo da murnarsa, bai san komai ba, ya ce zomaye sun dawo Dutsen Tsohuwa, har da 'ya'ya, rabon da a ga haka an yi shekaru. Kawu yana kan kujera, rabin fuskarsa kumfa.

Ya ce, "Nawa ka gani?"

"Sun kai goma, Kawu. Suna ta wasa a bakin rami, ko tsoro babu."

Kawu ya gyaɗa kai. "A bakin ramin," ya ce. Sannan ya ɗaga haɓarsa. "Ƙarasa, Anselmo. Kumfar na bushewa."