Ranar da Babanmu Ya Faɗi Takarar Kansila

A Gyaɗi-Gyaɗi da aiki muke tuna kansilolinmu. Akwai na rijiyar burtsatse, akwai wanda ya kawo taransifoma, akwai kuma wanda tun ranar rantsuwa ba mu ƙara ganin sa ba sai a hoto. Mahaifina bai shiga sahunsu ba, amma ya taɓa nema sau ɗaya.

Baba tela ne, shagonsa na bakin layinmu. Duk damina shi ke tara mutane a yashe kwata, shi ya sa matasa suka dinga zuga shi har ya amince. Abin dariyar, wanda zai kara da shi Alhaji ne mai kemis ɗin tsallaken titi, amininsa tun firamare. Jam'iyyarsu ɗaya, don haka aka sa ranar fidda gwani, ƙato bayan ƙato.

Lokacin ina aure a Daurawa. Da sassafe Inna ta kira ni in zo mu ɗora girki. Na tarar ta hura murhu uku a tsakar gida, dafa-duka ake shiri, ga zoɓo cikin manyan robobi.

Na ce, "Inna, ba kya bari a ƙirga tukuna?"

Ta harare ni. "Wane gida ne a unguwar nan ubanku bai ɗinka wa kayan sallah ba? Miƙo min albasa."

Bayan azahar muka tafi filin makarantar firamare. Baba ya tsaya cikin babbar riga ruwan toka, rungume da hotonsa, Alhaji na gefensa, mutane suna jeruwa a bayansu. Na shiga layinmu ina leƙen na Alhaji, sai na ga tsayinsu kusan ɗaya. Can sai Baba ya hango wani mai Adaidaita Sahu yana raɓewa a bayan Alhaji, yana sunkuyar da kai.

"Kai! Wannan kaftanin da ke jikinka ba ɗinkina ba ne?"

Mutumin ya dafa ƙirji. "Wallahi Baba rigar tana tare da kai. Ni ne dai Alhaji ya ceci ɗana da zazzaɓi ya kama shi."

Layukan biyu suka kwashe da dariya, har mai ƙirgar ya rikice, sai da ya sake daga farko.

Alhaji ne ya ci, da ɗan kaɗan. Na ga Baba ya cire hula ya share goshi. Tausayinsa ya kama ni. Sai kuma ya naɗe hoton ya miƙo min, ya je ya rungume amininsa.

A gida Inna ta zauna gaban tukwane ta yi tagumi, idonta ya kawo ruwa. "Yanzu wa zai ci wannan uban abinci?"

Baba ya ce, "Ba don kansila kika dafa ba? To ga kansila can tsallaken titi."

Haka muka kinkimi tukwane, mu mata biyu-biyu, masu ababen hawa suna tsaya mana suna danna oda. Ashe gidan Alhaji ko ruwan shayi ba a dafa ba. Matarsa Hajiya ta tarye mu tana tafa hannu. "Yaya, kin rufa min asiri! Shi fa ya ce kada in wahalar da kaina, mai ɗinki ne zai ci."

Nan Inna ta saki fuska. Aka shimfiɗa tabarmi har waje, waɗanda suka bi Baba da waɗanda suka guje shi suka sa hannu a tire ɗaya. Ni kaina faranti biyu na tashi da shi.

Alhaji ya ci babban zaɓe, kuma a wa'adinsa aka yi mana kwalbati a bakin layi. Ana saura kwana kaɗan rantsuwa ya kawo shadda shagon Baba, ina zaune a benci. Baba ya zagaya masa tef a ciki, ya rubuta, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, daidai jikinka zan yanka. In ka yi tumbi a kujerar nan, duk unguwa za ta gani."